Karatun Jami'a Bayan an Kama Aiki: Yadda Lamarin Yake a Parakou da Djougou

A arewacin Jamhuriyar Benin akwai ɗaliban jami'a da ba a cika ganinsu a aji da hantsi ba, sai bayan la'asar ko ranar Asabar. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan jinya, da akawun ma'aikatun gwamnati, da masu riƙe da littafin kuɗi a kamfanonin auduga da na sufuri, har da masu ɗamara. Sun riga sun kama aiki, galibinsu sun ajiye iyali, sannan suka waiwayi takardar digiri da ba su samu ba a lokacin ƙuruciya. Parakou, babban birnin jihar Borgou, ita ce cibiyar wannan karatu a duk arewa. Djougou, babban birnin jihar Donga, tana tura mata ɗalibai daga nisan da ya haura kilomita 130. A ƙidayar shekarar 2013 kowace daga cikin ƙananan hukumomin biyu ta haura mutum 250,000, amma hanyar ma'aikaci zuwa digiri ba ɗaya ba ce a garuruwan nan biyu.

Yawan waɗannan ɗalibai yana da asali a tarihi. Tun kafin zuwan Turawa, Parakou da Djougou zangon fatake ne a kan hanyar goro da ta haɗa Kano da ƙasar Gwanja. Hausawa da Wangarawa da Dandawa sun zauna a unguwannin kasuwanci, harshen Dendi ya zama harshen ciniki, kuma abin da ake ɗaukaka yaro da shi shi ne karatun allo da iya saye da sayarwa. Da Faransa ta kafa mulki a Dahome, wato Benin ta yanzu, makarantun boko sun fi yawa a bakin teku, a Porto-Novo da Ouidah da Kwatano, inda 'yan mishan suka daɗe da zama. Arewa ta samu kaɗan, kuma iyaye Musulmi da yawa ba su saki jiki da su ba. Hubert Maga, wanda aka haifa a Parakou a 1916, ya yi makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal, ya koyar a Natitingou, ya zama shugaban ƙasa na farko a 1960. Amma irinsa a zamaninsa ana iya ƙirga su da yatsu.

Jami'ar ƙasar ta farko an kafa ta a 1970, kuma mazauninta Abomey-Calavi ne, kusa da Kwatano, sama da kilomita 400 daga Parakou. Shekara talatin ke nan duk ɗan arewa da ya ci jarrabawar BAC, wato ta kammala sakandare, ba shi da inda zai dosa a cikin ƙasa sai kudu. Wanda ya samu tallafin gwamnati ko yake da ɗan'uwa a Kwatano ya hau jirgin ƙasa ya tafi. Wanda ba shi da ko ɗaya ya shiga jarrabawar ɗaukar aiki, ya zama malamin firamare ko ma'aikacin gona ko akawu, da niyyar sai wata rana. Sai a 2001, zamanin Shugaba Mathieu Kérékou, aka kafa Jami'ar Parakou, ta zama jami'ar gwamnati ta biyu. Tana da tsangayar aikin gona, da ta likitanci, da ta shari'a da kimiyyar siyasa, da ta tattalin arziki da gudanarwa, da ta adabi da nazarin al'umma, ga kuma cibiyar fasaha ta IUT, da makarantar ƙididdiga, da cibiyar horon ma'aikatan jinya da ungozoma. Da gyaran da gwamnatin Patrice Talon ta yi a 2016, jami'o'in gwamnati suka tsaya a huɗu, kuma ta Parakou ce kaɗai mai mazauni a arewa. Makarantu masu zaman kansu na Kwatano, irin su HECM, sun buɗe rassa a birnin, kuma su ne suka fi zawarcin ma'aikata da azuzuwan yamma.

Djougou tana da makarantar horon malaman firamare ta ENI, wadda ta yaye malamai masu yawa da suka bazu a Donga da Atacora. Amma malamin da ya fito daga nan, ya yi shekaru yana koyarwa, in ya so digiri sai ya kama hanyar Parakou, ko ta Natitingou inda ake horon malaman kimiyya na sakandare.

Ƙofofin shiga

Tsarin da ake bi yanzu shi ne wanda ake kira LMD: lisans na shekara uku, masta na shekara biyu, sai dakta. Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da kuɗin sefa ta yammacin Afirka, UEMOA, ta amince da shi a 2007, Benin kuma ta ɗauke shi a hukumance a 2010. Ana raba karatun zango-zango, kowace shekara tana da maki 60 na nauyin karatu, lisans yana cika da 180. Ga ma'aikaci, amfanin wannan tsari shi ne darasin da ya ci yana nan a rubuce. In rashin lafiya ko canjin wurin aiki ya katse masa shekara, ba dole ne ya koma farko ba.

Sauyin ya kuma jawo wata matsala da ta cika azuzuwan yamma. Kafin LMD, dubban matasa sun tsaya a takardun shekara biyu bayan BAC, wato BTS da DUT, suka kama aiki da su a bankuna da kamfanoni da ƙungiyoyin raya karkara. Da lisans ya zama matakin farko da masu ɗaukar aiki ke rubutawa a sanarwarsu, sai masu waɗancan takardu suka tsinci kansu a rataye: sun fi mai BAC, ba su kai mai digiri ba. Shekara guda ta cikon lisans na sana'a ita ce mafita, kuma ita ce kasuwar da makarantu masu zaman kansu suka fi ci. Haka nan masu tsohuwar takardar shekara huɗu suna komawa su cike masta.

Wanda bai taɓa cin BAC ba ma yana da hanya. Doka ta yarda mutum ya zauna jarrabawar a matsayin ɗalibi mai zaman kansa, ko shekarunsa nawa. Ba abin mamaki ba ne a ga magidanci mai furfura a ɗakin jarrabawa tare da sa'o'in 'ya'yansa. Wannan mataki shi ne mafi wuya, domin lissafi da falsafa da rubutun Faransanci na sakandare ba abubuwan da aikin ofis ke wasa wa mutum ba ne, kuma da yawa sai sun zauna fiye da sau ɗaya.

Kuɗi da lokaci

A 2008 gwamnatin Boni Yayi ta ɗauke wa ɗaliban jami'o'in gwamnati kuɗin rajista a tsangayoyin da ba na sana'a ba. Wannan sauƙi matasan da suka fito daga sakandare ya fi shafa. Karatun da ma'aikaci ke nema, lisans na sana'a ko masta a fannin gudanarwa ko lissafin kuɗi ko tafiyar da ayyukan raya ƙasa, na biya ne a jami'ar gwamnati da ta masu zaman kansu, kuma kuɗin shekara yana kai wa dubu ɗari da yawa na sefa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar sefa 52,000 ne a wata tun Janairun 2023. Ko malamin da ke karɓar ninkin wannan biyu ko uku, kuɗin masta na shekara ɗaya zai iya cinye masa albashin watanni. Shi ya sa ake biya kashi-kashi, ana haɗawa da kwasar adashi, ko rancen banki a kan albashi, ko na asusun ajiya na CLCAM, ko kuɗin amfanin gonar kashu da waken suya da mutum ya noma a ƙauyensu. Ma'aikaci a wannan yanki ba shi kaɗai ke cin albashinsa ba. Akwai iyaye, da ƙanne da ke makaranta, da suna da biki da zaman makoki. Shawarar komawa karatu shawara ce ta gida gaba ɗaya, kuma wanda matarsa ko mijinta bai goyi baya ba da wuya ya kai ƙarshe.

Lokaci ya fi kuɗi tsada. Ofisoshin gwamnati suna tashi wajen ƙarfe biyar da rabi, darasi ya fara kusan magariba ya kai tara ko goma na dare. A Parakou wannan mai yiwuwa ne: mutum ya hau babur ko ya tare ɗan acaɓa daga unguwar Zongo ko kasuwar Arzeke, cikin minti kaɗan yana aji. Ga ma'aikacin Djougou abin ya koma tafiyar ƙarshen mako, a bar gida ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a kwana a gidan ɗan'uwa, a dawo Lahadi da dare a wayi gari a bakin aiki. Kuɗin mota na shekara yakan yi kusa da kuɗin makarantar kanta. Ga shi kuma makarantu sukan tara darasi guda a cikin kwana uku ko huɗu a jere, saboda malamin daga Kwatano aka ɗauko shi kuma zai koma. Wanda shugabansa bai ba shi izinin waɗannan ranaku ba ya rasa darasin baki ɗaya.

Mata sun fi ɗaukar nauyin wannan tsari. Ungozoma ko malamar makaranta da ta tashi aiki tana da girki da yara a gabanta, kuma fitar matar aure da dare ko kwananta a wani gari abu ne da sai an yi shawara da miji da surukai. Waɗanda suka kammala galibi akwai wata mace a bayansu, uwa ko ƙanwa ko abokiyar zama, da ta riƙe gida a ranakun karatu.

Inda aka fi zubewa shi ne matakin ƙarshe. Ba a ba da lisans na sana'a ko masta sai an rubuta kundin bincike an kare shi a gaban kwamitin malamai. Darasi yana da rana da sa'a, yana tilasta mutum ya zo. Kundi kuwa an bar mutum da kansa ne, ga malamin da ke duba shi yana da ɗalibai da yawa, wataƙila ma ba a garin yake ba. Akwai ma'aikata masu yawa da suka ci kowace jarrabawa, suka biya kowane kuɗi, amma shekaru suka wuce ba su da takarda a hannu saboda kundi. Waɗanda suka fi tsallake wannan su ne masu ɗaukar batun bincike daga wurin aikinsu: ma'aikacin ƙaramar hukuma ya rubuta a kan karɓar harajin kasuwa, malamin gona a kan rancen takin auduga, ma'aikaciyar jinya a kan awon ciki a asibitinta. Bayanan suna hannunsu, kuma sau da yawa sun fi mai duba su sanin yadda abin yake a ƙasa.

Abin da takardar ke canzawa

A aikin gwamnati ne tasirin ya fi fitowa fili, domin an kasa ma'aikata rukuni-rukuni bisa takardar karatu. Rukunin A na manyan ma'aikata ne masu digiri, B na matsakaita, C da D na masu ƙananan takardu. Rukuni ne ke yanke inda albashi zai fara da inda zai tsaya, da muƙamin da za a iya naɗa mutum a kai. Har shekarun ritaya sun bambanta: 60 ga rukunin A, 58 ga B, 55 ga C da D. Ke nan wanda ya haye daga C zuwa A ya ƙara albashi, ya ƙara shekarun karɓarsa, kuma fanshonsa za a lissafa shi a kan matakin da ya ƙare. Shi ya sa ko mai shekara 45 yakan ga cewa lissafin ya fita.

Sai dai takarda ba ta ɗaga mutum da kanta, kuma a nan ne da yawa suka yi asara. Gwamnati tana son karatun ma'aikaci ya kasance cikin tsarin horo na ma'aikatarsa, da rubutaccen izini kafin ya fara, a fannin da ya dace da aikinsa. Wanda ya yi gaban kansa ya karanta abin da ya ga dama, ya dawo da takarda yana neman a sauya masa rukuni, yakan tarar da ƙofa a rufe. Abin da ya rage masa shi ne ya jira jarrabawar ƙarin girma, ko ya shiga sabuwar jarrabawar ɗaukar aiki tare da matasa idan shekarunsa ba su wuce ƙa'ida ba. Ko wanda ya bi ƙa'ida ma sai ya yi haƙuri, domin takardun sauya rukuni suna ratsa ma'aikatar ƙwadago da ta kuɗi a Kwatano kafin albashi ya motsa. Makarantun da ke tallar azuzuwan yamma ba su cika bayyana wa masu rajista wannan ba, alhali shi ne abin da ya kamata a fara tambaya.

Malamai ne suka fi kowa yawa a wannan hanya. Malamin firamare mai takardar CAP da ya samu lisans yana iya neman koyarwa a sakandare, inda takardun ƙwarewa su ne BAPES da CAPES, ko ya nemi zama mai ba da shawara kan koyarwa ko sufeton makarantu ta hanyar jarrabawa. Tun 2019 gwamnati ke ɗaukar malaman wucin gadi a ƙarƙashin shirin AME, kuma abin da ake biyan mutum a shirin yana bin matakin takardarsa. A fannin lafiya ma haka ne: ma'aikacin jinya mai ƙaramar takarda yana iya shekara ashirin yana riƙe da asibitin ƙauye shi kaɗai, ya san aikin ciki da bai, amma shugabancin sashe a babban asibitin koyarwa na Borgou da ke Parakou sai mai takardar da ta kai.

Gyaran mulkin ƙananan hukumomi ya ƙara wa masta daraja a idon ma'aikatan arewa. Dokar da aka yi a ƙarshen 2021 ta ƙirƙiro muƙamin sakataren zartarwa, wanda ke riƙe da kasafin kuɗi da ma'aikatan ƙaramar hukuma, kuma a 2022 aka fara zaɓo su ta hanyar ƙuri'a daga jerin sunayen waɗanda aka tantance a matakin ƙasa. Sharaɗin shiga jerin shi ne babban matakin aikin gwamnati ko karatun shekara biyar bayan BAC, tare da shekarun gogewa. Ma'aikata da dama da suka tsufa a ofisoshin magajin gari sun ga an kawo musu shugabanni daga waje, ba don an fi su sanin aiki ba. Darasin bai ɓace wa na bayansu ba.

A wajen gwamnati babu jadawalin da ke tilasta ƙarin albashi. Kamfanin gurzar auduga ko na dakon kaya zuwa Malanville ba ya ƙara wa akawu kuɗi don ya kawo sabuwar takarda. Amfanin yakan zo ne idan gurbi ya buɗe, ko mutum ya sauya wurin aiki. Ƙungiyoyin agaji da ayyukan raya ƙasa masu kuɗin waje, waɗanda da yawansu ke da ofis a Parakou, suna rubuta matakin karatu a sanarwarsu, kuma wanda bai cika shi ba ba a ma duba takardar nemansa. Su ma gidajen fatauci sun fara jin buƙatar. Sabon tsarin lissafin kuɗi na ƙasashen OHADA ya fara aiki a Janairun 2018, hukumar haraji kuma ta wajabta rasit na na'ura da ke kai mata rahoton ciniki kai tsaye. Alhajin da a da yake riƙe lissafinsa a ka da ɗan littafi yanzu yana buƙatar wanda ya san waɗannan ƙa'idoji, kuma ya fi so ya zama ɗansa ne. Ana samun matasa da ke wuni a shago, su tafi aji da yamma, ba don neman aikin albashi ba.

Akwai rukuni guda da matsalarsu daban ce, kuma Djougou ta san ta sosai. Su ne waɗanda suka yi digiri da Larabci a Azhar ta Masar, ko Madina, ko Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, suka dawo ƙasar da harshen aikinta Faransanci ne. Masanin zamantakewa Galilou Abdoulaye ya yi bincike a kansu tun farkon shekarun 2000, ya nuna yadda ilimi mai zurfi ya bar su a gefen kasuwar aiki. Yawancinsu suna koyarwa a makarantun Larabci da Faransanci ko suna limanci da wa'azi. Wanda ya so ya faɗaɗa hanyarsa sai ya nemi a tantance takardarsa a daidaita ta da ta gida, ya kuma koma ya ƙware a Faransanci, wani ma ya sake sabon lisans daga tushe yana magidanci.

Takardar da ake yarda da ita

Duk wannan wahala tana rataye ne a kan ingancin takardar. Yawaitar makarantu masu zaman kansu ta sa gwamnati, a 2017, ta ƙirƙiro jarrabawar ƙasa ta lisans da masta ga ɗalibansu. Ɗalibin irin wannan makaranta sai ya zauna wannan jarrabawa kafin ya riƙe takardar da gwamnati ke karɓa. Ga wanda ke tunanin aiki a Nijar ko Togo ko Burkina Faso, akwai kuma amincewar hukumar CAMES, mai mazauni a Wagadugu, wadda ke tantance shirye-shiryen karatu na ƙasashe masu magana da Faransanci. Gwamnatin Talon ta kuma binciki takardun ma'aikata, ta sallami waɗanda aka samu da na jabu.

Lamarin ya shafi Hausawan Najeriya kai tsaye. A Disamban 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya wallafa yadda ya samu digiri daga wata makaranta mai zaman kanta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba. A farkon Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. A watan Agusta na shekarar, ministan ilimi Tahir Mamman ya ce sama da mutum 22,000 ne ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu, aka kuma fitar da sunayen jami'o'i biyar na Benin da Najeriya ta amince da su, ciki har da Jami'ar Parakou. Cikin masu sayen irin waccan takarda akwai ma'aikata masu neman ƙarin girma ba tare da barin kujera ba, kuma ɓarnar da suka yi ta shafa wa waɗanda suka yi karatun gaske kashin kaji.

Karatu daga nesa shi ne abin da zai fi sauƙaƙa wa ma'aikacin Djougou da na ƙauyukan Donga. Birtaniya ta kafa jami'ar karatu daga gida a 1969, Najeriya ta farfaɗo da tata, NOUN, a farkon shekarun 2000, Senegal ta kafa jami'ar intanet a 2013, Kodebuwa ta bi sahu a 2015. A arewacin Benin, waɗanda ke bin wannan hanya galibi suna rajista ne da jami'o'in waje ta hannun ƙungiyar jami'o'i masu amfani da Faransanci, AUF, suna biyan kuɗin intanet daga aljihunsu, suna fama da ɗaukewar wuta. A azuzuwan yamma na gida kuwa, abin da aka fi dogara da shi shi ne zauren WhatsApp na 'yan aji, inda wanda ya halarta ke tura hoton allo da muryar malami ga wanda aiki ya riƙe. Faransa, wadda Benin ta gaji tsarin karatunta, ta yi doka a 2002 da ke ba ma'aikaci damar samun takarda, ko wani ɓangare nata, bisa gogewar aikinsa idan ya gabatar da hujjoji a gaban kwamiti. Irin wannan tsari, idan ya yaɗu a jami'o'in gwamnati tare da cibiyar jarrabawa a Djougou, zai rage wa malami ko ma'aikaciyar jinya mai shekaru da yawa a bakin aiki yawan darussan da za su biya da yawan tafiye-tafiyen da za su yi zuwa Parakou.